Kafin A Ce Tsautsayi Ne

Ina da shekara 16 aka kai ni koyon walda. Ranar da na cika mako guda a shagon, maigidanmu ya miƙo mini ƙarfe ya ce in riƙe masa, zai haɗa ƙyauren ƙofa. Shi yana da gilashinsa, ni kuwa ido tsirara, kuma ban ga dalilin kawar da kai ba tunda koyo na zo. Na ƙura wa wutar nan ido tun hantsi har aka kira azahar. Na koma gida lafiya ƙalau, na ci tuwo, na kwanta. Can wajen ƙarfe biyun dare na farka kamar an ɗebi yashi mai zafi an watsa mini a ido. Hawaye kawai ke zuba, buɗewa ta gagara. Mahaifiyata ta rasa inda za ta sa kanta, maƙwabta suka ce a ɗiga madarar gwangwani, aka ɗiga. Da gari ya waye aka aika wa maigida, sai ya yi dariya ya ce, "Ai walda ce ta yi masa barka da zuwa. Kowa da haka ya fara."

Bai yi ƙarya ba, kowa da haka ya fara. Sai dai babu wanda ya wajabta mana farawa da haka. Hasken walda yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, shi ne ke ƙona fatar ƙwayar ido, kuma zafin ba ya tasowa sai bayan sa'o'i, shi ya sa yaro ke wuni yana cewa ba komai. Baƙin tabarau na gayu da ake saya a bakin titi ba gilashin walda ba ne. Madarar ma ba magani ba ce, ƙarshenta ta kai wa ido ƙwayar cuta. Duk wannan sai daga baya na sani. Maigidan namu, Allah ya jiƙansa, gwani ne na gasken gaske, kuma mutumin kirki, amma kafin ya cika shekara 55 sai an ɗaga murya yake ji, idonsa kuma kullum ja, kullum ruwa. Shi bai taɓa danganta wannan da sana'arsa ba. Cewa yake girma ne ya zo.

Ƙannena maza da mata, ku da kuke shagunan Ƙofar Ruwa da Panteka, da garejin makanikai, da wurin gini, da gona, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da ku masu injin markaɗe a zaure, maganata da ku ɗaya ce. Kowace sana'a tana da haƙori, kuma wanda bai san ta inda take cizo ba bai gama koyonta ba, ko da an yaye shi an yi walima.

Akwai wata kalma da muke rufe bakin magana da ita: tsautsayi. Inji ya guntule wa yaro yatsu, tsautsayi ne. Lebura ya faɗo daga hawa na biyu, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni ma na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma kalmar tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Inda nake ja da ita shi ne wurin da ake faɗinta tun kafin a tambayi yadda aka yi. Da za a tsaya a tambaya, sai a ji cewa murfin injin ya yi wata uku a cire, ko katakon da aka ɗaura aka taka ya daɗe da tsagewa, kowa ya gani, kowa ya tsallake. Malamanmu sun sha ba mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Sun kuma ba mu labarin Sayyadina Umar, da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa, bai ɗauki juyawar a matsayin gudun ƙaddara ba. To mai hular kwano da mai igiya a ƙugu ba su fi waɗannan tsoro ba.

Bari in fara da haɗarin da ke zuwa farat ɗaya, wanda kowa ya yarda haɗari ne. Duk abin da ke juyawa ba shi da ido: bel ɗin injin niƙa, zarton katako, injin yankan ƙarfe, fankar mota. Ba ya bambanta tsumma da hannu. Ke ƙanwata mai markaɗe, hijabi da gyale su ne abin da bel ya fi saurin cafka, kuma in ya cafka wuya yake nema. Ki tattare su ki soke kafin ki tayar da inji. Kai ma hannun rigarka haka. Safar hannu da ke kare ka daga kaifin kwano ita ce ke jawo hannunka cikin injin da ke juyawa, don haka kowane kayan kariya da muhallinsa. In inji ya cushe, a kashe shi, a jira ya tsaya cak, sannan a sa hannu. Yatsun da aka rasa a garin "bari in ɗan taɓa shi yana tafiya" ba su ƙirguwa.

Wutar lantarki kuwa a ƙasarmu tana da wata ɗabi'a ta daban: ba ta sallama in za ta dawo. "Ai babu wuta" ta kashe masu gyara da yawa. Wani lokaci ma wutar gari ba ta dawo ba, maƙwabci ne ya tayar da janareta bai raba layinsa ba, wutarsa ta biyo waya ta same ka a kan tsani. Ka ɗauki kowace waya a matsayin mai rai har sai ka gwada ta da kanka. In za ka yi gyara, cire fis ɗin ka jefa a aljihunka, don kada wani mai neman kunna fanka ya mayar da shi kana tsakiyar aiki. In kuma ka ga wuta ta riƙe mutum, kada ka cafko shi da hannu, ku zama biyu. Kashe ta daga tushe, ko ka ture shi da busasshen itace.

Makaniki, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak na ɗagawa ne, riƙewa aikin abin tokare ne. Mai walda, tankin da aka juye man cikinsa ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur da ya gauraya da iska shi ke fashewa, kuma ɗauraya ɗaya ba ta kore shi. Durom ɗin da ba ka san abin da ya taɓa zama a cikinsa ba, kada ka sa masa wuta don wani ya ce yana sauri.

Akwai wanda nake so in ɗan daɗe a kansa, saboda yadda yake cin mutane a jere, wato rami: rijiya, masai, tankin ƙasa, ramin haƙar ma'adinai. Kusan kowace shekara sai mun ji labari iri ɗaya a rediyo. An shiga yasar rijiya, na farko ya yi shiru. Na biyu ya leƙa ya gan shi a kwance, ya sauka ɗauko shi, shi ma shiru. Na uku, wanda galibi ƙani ne ko amini, ya bi su. Sai a ce rijiyar tana da aljanu. Abin da ke ciki shi ne iskar da ta gurɓace. A rami mai zurfi iskar da muke shaƙa mu rayu tana ƙaranci, wata iska mai nauyi ta kwanta a ƙasa, a masai kuma ruɓa tana haifar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa take kashe jin warin kansa, sannan ta kayar da mutum cikin numfashi kaɗan. Tsofaffin mahaƙa rijiya sun san haka, shi ya sa sukan zura fitila da igiya tukuna, in ta mutu su san ba a shiga. (A masai kam kada a gwada da wuta, don iskar can tana kamawa.) Wanda ya sauke injin ban ruwa mai fetur cikin rijiya kuwa ya tara wa kansa hayaƙin da ba shi da launi ba shi da wari, irin wanda ke kashe iyali guda cikin dare in an kwana da janareta a rufe. Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: ba a shiga rami sai da igiya a jiki da mutane a sama masu iya jawowa, kuma in na ciki ya yi shiru, jawo shi ake yi, ba a bin sa. Na san wannan yana da wuyar faɗa wa wanda ɗan'uwansa ke ƙasa. Amma gawa ɗaya ta fi uku sauƙi a gida ɗaya.

Duk waɗannan masu jini ne, ana gani ana salati. Mafi yawan ɓarnar aiki kuwa ba ta zubar da jini. A ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023, kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikin da suke yi. A cikinsu kimanin 330,000 ne kawai haɗari ke kashewa. Sauran, wajen miliyan 2.6, cututtuka ne da aiki ya shuka a jikinsu sannu a hankali: huhu, zuciya, ciwon daji. Wato a duk mutum tara da sana'a ta kashe, kusan takwas a kan gadonsu suka mutu, aka ce jinya ce.

Mu 'yan Arewa ba sai an kai mu wata ƙasa neman misali ba. A farkon 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Abare, agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sai yara ƙanana suka shiga amai da jijjiga suna mutuwa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka gwada jini, sannan aka gane gubar dalma ce. Daga ina? Daga neman halak. Farashin zinare ya tashi, maza na haƙo dutse su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasa inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta gyaruwa. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kuma garin Bagega, da shi ma abin ya shafa, bai samu wannan aikin ba sai 2013. Shekara biyu bayan nan, a 2015, abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Iyayen yaran nan ba mugaye ba ne, ba kuma sakarkaru ba. Abinci suke nema wa yaran da suka rasa. Ba su san cewa haɗarin aiki yana bin mutum gida ba, a riga, a takalmi, a gashi, a ƙarƙashin farce. Kai mai gyaran batir, da mai narkar da dalma, da mai fentin mota, da mai feshi, da mai aiki a majema, wannan darasin naku ne. Kayan aiki su tsaya a wurin aiki. Ka yi wanka ka canza kafin ka ɗauki ɗanka, kada matarka ta haɗa kayan aikinka da na yara a baho ɗaya. Kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, ba da fetur ba. Na san fetur na cire giris nan take, mu ma mun yi, amma yana cinye maiƙon fata, wani abu nasa kuma yana ratsawa cikin jiki. Zuƙo shi da tiyo a baki ya fi muni, don ɗigo kaɗan in ya sarƙe ya shiga huhu yana iya kwantar da ƙato.

Ƙura ma haka take. Mai fasa dutse, mai yankan tayil, mai haƙar ma'adinai, mai zuba siminti, duk suna shaƙar wata ƙura mai laushin da ido ba ya gani, kuma ita ce mai illar, don mai kaurin, hanci na tare ta. Ta dutse in ta shiga huhu ba ta fita. Huhun ya yi ta tabo yana ƙanƙancewa, shekara goma ko ashirin, har mutum ya kasa hawa matakala uku bai tsaya ba. Babu maganin da ke warkar da wannan, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci kwantar da hankali kawai yake yi. Abin da ya fi aiki ya fi arha: ruwa. A jiƙa dutsen, a yanka tayil da ruwa, a yayyafa kafin shara, a tsaya ta inda iska ke kwashe ƙurar ba ta inda take kawo ta ba. Siminti jiƙaƙƙe kuma yana ƙuna kamar wuta, sai dai a hankali. Duk leburan da ya wuni da silifas cikin kwaɓi ya san yadda ƙafa ke tsattsagewa.

Sai kunne, wanda ba mai tausaya masa. Masana sun sa iyakar ƙara a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ba ka da na'urar awo, na sani. Ga ma'auni a jikinka: in sai ka ɗaga murya wanda ke nesa da kai da tsawon hannu yake jin ka, ƙarar ta wuce kima. In ka tashi aiki kunnenka na kuka, ko kana jin magana kamar daga cikin randa, an riga an fara taɓa shi. Abin da ke karɓar sauti a can cikin kunne in ya mutu ba ya sake tsirowa. Toshen kunne na roba ba shi da tsada, auduga kuwa ba ta tare abin kirki. Za ka ce ka saba da ƙarar injin. Ba sabawa ka yi ba, ji ne ke raguwa. Sabo turken wawa.

Manoma matasa, ku ne kuka fi ba ni tsoro a 'yan shekarun nan, tun da feshi ya maye gurbin fartanya. Ina ganin yaro da famfon feshi a baya yana yoyo, rigarsa sharkaf, ƙafa ba takalmi, rana tsaka, iska na dawo masa da maganin a fuska. Bakin famfon ya toshe, ya sa baki ya busa. Maganin ƙwari da na ciyawa ba sai an sha suke shiga jiki ba, fata ma ƙofa ce, balle fatar da ke gumi. A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska na bayanka, da doguwar riga da wando da takalmin roba, a yi wanka da sabulu nan take. Ciwon kai, jiri, yawan miyau, gumi, amai ko gani dishi-dishi bayan feshi ba gajiya ba ce. A tafi asibiti da robar maganin a hannu don likita ya san abin da zai yaƙa, kada a tsaya ɗura manja ko madara. Robar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, kada kuma a juye saura a kwalbar lemo inda yaro zai gani. Ƙwayar da ake jefawa cikin buhunan wake da masara kuwa iska mai guba take saki, ba a ajiye irin wannan buhu a ɗakin da ake kwana.

Wata magana kuma da ba a son yi. Da yawa cikin masu aikin ƙarfi, 'yan dako, leburori, direbobin dare, 'yan acaɓa, suna haɗiyar tiramadol da 'yan'uwanta wai don su ji ƙarfi. Ba ƙarfi take ƙarawa ba, bakin ɗan aike take toshewa. Ciwo da gajiya 'yan aike ne, su ke gaya maka cewa baya ya kusa karyewa, ido ya kusa rufewa. Ka kashe ɗan aiken, saƙon yana nan. Ga shi kuma tana jawo farfaɗiya ba zato, to ka ƙaddara ta kama ka a saman gini ko a kan sitiyari da fasinja 18. Barci ba shi da magani sai barci. Haka zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40: a jawo aiki mai nauyi zuwa safiya, a sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, in fitsari ya yi ja a san ƙoda na kuka. Wanda ya fara sambatu ko ya rikice a rana, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a nemi asibiti, ba aljanu ba ne.

Ku na ofis da asibiti ban manta da ku ba, sai dai naku ba zan ja shi ba. Mai wuni gaban kwamfuta ya riƙa tashi yana miƙe ƙafa. Ma'aikaciyar jinya da mai sharar asibiti su yi rigakafin ciwon hanta, kada a mayar wa allura murfinta da hannu biyu bayan an yi amfani da ita, kuma in ta soke ki, ki faɗa a ranar, don maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana da ƙa'idar awa 72. Kowa kuma, ko ina yake aiki, ya san ƙofar da zai bi in gobara ta tashi, ya tabbata ba a garƙame ta da kwaɗo ba.

To yaya ake tunanin kariya? Yawancinmu da an ce kariya sai mu tuna hular kwano da takunkumi. Masana wannan fanni su a ƙarshe suke sa su. Ka ɗauka maciji ne ya shiga ɗakinka. Abu na farko shi ne a fitar da shi. In ya gagara, a toshe raminsa. In ya gagara, a hana yara shiga, a sa fitila. Sai duk an rasa sannan a ce kowa ya sa takalmi mai tsawo ya kwana da shi. Haka wurin aiki: a kawar da haɗarin in zai yiwu, a musanya mai guba da marar guba, a sa wa inji murfi, a fitar da janareta waje, a buɗe taga, a tsara aiki yadda ba za a daɗe cikin ƙara ko rana ba. Kayan sawa su ne katangar ƙarshe. Maigidan da ya raba takunkumi ya bar ɗaki turnuƙe da hayaƙi bai sauke nauyinsa ba.

Na san abin da ke ranka: "Malam, ni yaron shago ne, in na yi magana a ce na cika tsoro, ko a sallame ni." Wannan gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Amma ka san cewa doka tana bayanka, ko da ba ta cika zuwa da ƙafarta ba. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta killace injina masu haɗari, da samar da iska, ruwan sha, akwatin taimakon gaggawa da hanyar fita in gobara ta tashi. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, daga aljihunsa, ba daga albashinka ba, don a biya wanda ya ji rauni, ya naƙasa, ya kamu da cutar aiki, ko iyalan wanda ya rasu. Har haɗarin da ya same ka a hanyar zuwa aiki ko komawa gida tana dubawa. Amma tana so ka sanar da mai aikin cikin kwana 14, don haka rauni ba abin ɓoyewa ba ne, kuma takardar asibiti ba abin yarwa ba ce. A Nijar asusun CNSS ne ke da wannan nauyin. Ra'ayina dai, dokokin nan sun fi ƙarfi a takarda, kuma mafi yawanku kuna aiki ne a inda mai duba masana'antu bai taɓa takawa ba. Shi ya sa ƙungiyoyin sana'a, na makanikai da masu walda da teloli da magina, ya kamata su ɗauki wannan da muhimmancin da suke ba kuɗin mako da bikin yaye.

Akwai kuma ranar da amsar ita ce a'a. A ƙasar Bangaladash, ranar 23 ga Afrilun 2013, aka ga bango ya tsage a wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza, kusa da Dhaka. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Masu ɗinkin tufafi da ke sama, yawancinsu 'yan mata, aka ce su dawo washegari ko su rasa albashi. Suka dawo. Da safiyar 24 ga wata ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Sun ga tsagar da idonsu, tsoron rasa kuɗin wata ɗaya ne ya shigar da su. Ba na zarginsu, talauci ba ya barin mutum ya yi zaɓi cikin natsuwa. Amma kai da ke karanta wannan, ka yanke wa kanka tun yau abubuwan da ko za a kore ka ba za ka yi ba: shiga rami ba igiya, taɓa wayar da ba ka gwada ba, sa wuta a tanki, tuƙi ido na rufewa. Wanda aka kora yana neman wani aikin.

Sauran abubuwa kuwa ba sai da faɗa ba. Maigida uba ne, kuma akwai yadda ake gaya wa uba magana. "Maigida, wayar nan ta injin ta ɗan zare, in naɗe ta kafin mu fara?" Da wuya a ƙi wannan, don ka kawo matsala tare da maganinta. Ka kuma riƙe ranakun "saura ƙiris", ranar da bulo ya faɗo gefen ƙafarka, ranar da tsani ya zame ka dafe. Mukan ce Allah ya kiyaye, mu yi dariya, mu ci gaba. Allah ya kiyaye ɗin, amma ai gargaɗi ne aka ba ka kyauta. Ka gyara abin a ranar, don gobe ba lalle ya kuskure ba. Kuma gwaninta ba ta hana komai. Sabon yaro rashin sani ke cutarsa, tsohon hannu kuwa raini.

In abin ya riga ya faru, minti goman farko suna da tsada. Ƙuna, ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba gishiri ko baƙin mai ba. Ruwan batir ko siminti ko maganin feshi ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 kafin ma a nemi abin hawa. Jini na zuba, a danne da ƙyalle mai tsabta, kada a cusa ƙasa ko toka. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi a naɗe a bayan babur, don ƙashin da ya tsage yana iya yanke laka a hanya, a mayar da mai rauni gurgu. A kwantar da shi a kan katako, kai da jiki a miƙe. Ƙusa ko tsohon ƙarfe ya soke ka, ka je a yi maka allurar rigakafin sarƙewar haƙora, kada ka tsaya ga ruwan batir da wasu ke ɗigawa.

Gobe in ka je wurin aiki, ka nemi wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, a wannan aikin namu me ka ga ya fi raunata mutane?" Za ka ji sunaye da shekaru da yadda aka yi, abin da ba ya cikin kowane littafi. Yana magana kana duban yatsunsa da idonsa da yadda yake numfashi. Ranar da Allah ya sa kai ma ka buɗe naka shagon aka kawo maka ɗan wani amana, don Allah ka sayi gilashi biyu, ka miƙa masa nasa tun kafin ka ce ya riƙe maka ƙarfe.